Baƙo da Zaure a Zamanin Ta'addanci: Nazari a Kan Yarda da Zaman Tare a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi yin magana a kan ta'addanci a Jihar Katsina, da wuya hankalinsa ya fara zuwa Daura. Inda wutar ta fi ci shi ne yammaci da kudancin jihar, watau ƙananan hukumomin da suke maƙwabtaka da dajin Rugu da Jihar Zamfara, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Masarautar Daura kuwa, mai ƙananan hukumomi biyar, Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure, tana can arewa maso gabas. Ƙasa ce mai yashi da sarari, gonaki sun cinye daji, babu wani babban kurmi da ɗaruruwan mutane za su shiga da babura da makamai su kafa sansani. Ko a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar domin a takura wa 'yan bindiga, babu ko ɗaya daga cikinsu da take ƙasar Daura.

To, me ya sa muka zaɓi Daura? Dalilinmu shi ne wannan sauƙin da ta samu. A garin da ake kai wa hari kowane mako, noma da kasuwa da makaranta da zumunci duk tare suke rushewa, mai nazari ba zai iya tantance wanda ya fara faɗuwa ba. Amma a inda harin bai zo ba sai jefi-jefi, gidaje suna tsaye, kasuwa tana ci, a nan ne za a iya ganin abin da ta'addanci yake fara taɓawa. Abin da muke so mu nuna a cikin wannan takarda shi ne, abin da yake fara taɓawa ɗin shi ne yarda, musamman yardar da Bahaushe ya saba ba wanda bai sani ba, kuma al'adun da aka gina a kan wannan yarda su ne ɗan ta'adda yake shiga cikinsu ya yi aikinsa.

Kalmomin da ake amfani da su

Kafin mu shiga zancen, ya kamata mu ɗan tsaya a kan wasu kalmomi, domin yadda suka sauya ma'ana shi kansa shaida ne. Kalmomin aminci da amana da amini da imani duk daga tushe ɗaya suka fito a Larabci. Ashe ke nan a tunanin mai magana da Hausa, zaman lafiyar gari da riƙon abin da aka ba mutum ajiya da abota ta ƙut-da-ƙut 'yan gida ɗaya ne. Idan aka ce gari ya yi aminci, ba ana nufin an jibge masa masu bindiga ba ne. Ana nufin mutum zai bar kayansa a rumfar kasuwa ya je salla ya dawo ya tarar da su.

Ta'addanci kuma daga kalmar Larabci mai ma'anar ƙetare iyaka ya samo asali, kuma ɗan'uwan ta'adi ne, watau ɓarna. Garkuwa a da makamin kare kai ce, wadda ake yi da fatar babbar dabba, har ma akan ba mutum sarautar Garkuwa domin girmamawa. A yau idan yaro ya ji an ce garkuwa, satar mutum ce take fara faɗo masa a rai. Fansa kuwa tsohuwar kalma ce ta zamanin bauta, lokacin da dangi sukan tara dukiya su karɓo ɗan'uwansu da aka kama a yaƙi, ko bawa ya fanshi kansa. Kalmar ta kwanta shekaru da yawa, sai ga ta ta farka da ma'anarta ta asali. Akwai kuma baƙuwar kalma guda ɗaya, infoma, wadda za mu koma kanta a gaba.

Abubuwan da suka auku

A tsakiyar watan Mayu na 2013, 'yan kwanaki bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, wasu mutane ɗauke da bindigogi da abubuwan fashewa suka shiga garin Daura da dare, suka far wa ofisoshin 'yan sanda da bankuna. An yi asarar rayuka, an rusa gine-gine. Wannan hari ya girgiza mutane ƙwarai, amma irin wanda aka riga aka ji labarinsa ne daga Kano da Maiduguri: hari ne a kan hukuma da wuraren ajiye kuɗi. Talaka yana iya cewa a ransa, idan na nisanci caji ofis da banki na tsira.

Na biyun ya sha bamban. Ranar 1 ga watan Mayu na 2019, bayan sallar magariba, Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, yana zaune a ƙofar gidansa tare da jama'a, sai wasu mutane suka zo cikin mota, suka yi harbi, suka tafi da shi. Magajin Gari babban basarake ne a fadar Daura, tsohon babban jami'in kwastan ne, kuma surukin dogarin shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne. A hannunsu ya yi azumin wannan shekara, a hannunsu ya yi ƙaramar salla. Masarautar Daura ta soke hawan salla, aka maye gurbinsa da addu'o'i. Sai ranar 2 ga watan Yuli jami'an tsaro suka kuɓutar da shi, bayan wata biyu cur. Ba a daji aka same shi ba. A cikin wani gida aka same shi, a wata unguwa ta gefen birnin Kano, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, inda maƙwabta suke ta harkokinsu na yau da kullum.

Shekara shida bayan haka, a watan Agusta na 2025, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara a Kan Tsaro, Malam Nuhu Ribaɗu, ya ba da sanarwar kama wasu manyan shugabanni biyu na ƙungiyar Ansaru, ya kuma lissafa satar Magajin Garin Daura cikin ayyukan da gwamnati take danganta su da su. Ansaru ita ce ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram a farkon 2012, kuma ita ce ta ɗauki alhakin sace injiniyan nan ɗan Faransa, Francis Collomp, a Rimi ta Jihar Katsina a watan Disamba na wannan shekarar. Wannan bayani yana da muhimmanci a wurinmu, domin ya nuna cewa abin da ya faru a ƙofar gidan Magajin Gari ba aikin ɓarayin shanu ba ne da suka ga dama ta faɗo. Aiki ne na mutanen da suka zauna suka yi nazarin al'adar mutumin da suke nema.

Sauran abubuwan daga nesa suka taɓa Daura. Shugaba Buhari yana gida Daura lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. A watan Yuli na 2022 kuma aka buɗe wa ayarin motocin fadar shugaban ƙasa wuta a kusa da Dutsinma, suna kan hanyar zuwa Daura domin shirin babbar salla.

Ƙofar gida da zaure

Bari mu koma kan wurin da aka ɗauki Magajin Gari, domin a ganinmu nan ne zuciyar maganar take. Zaman da babban mutum yake yi a ƙofar gidansa tsakanin magariba da lisha ba shan iska ba ne kawai. Wani ɓangare ne na aikin sarauta da na arziki. A nan mai ƙara yake kawo ƙararsa ba tare da ya rubuta takarda ba. A nan mai neman taimakon kuɗin magani yake raɓowa ya tsuguna ya yi gaisuwa, ya jira a sallami mutane ya faɗi buƙatarsa a hankali. A nan ake kawo goron ɗaurin aure, ake sanar da rasuwa, ake sasanta 'yan'uwa a kan gado kafin maganar ta kai gaban alƙali. A nan kuma ake fito da tuwon dare a ci tare da duk wanda Allah ya kawo. Sharaɗin wannan zama guda ɗaya ne: ba a tambayar mai zuwa dalilin zuwansa kafin ya iso. Da za a tambaya, da zaman ya tashi daga fada ya koma ofis.

Ginin gidan Bahaushe ma a kan wannan tsari yake. Zaure ɗaki ne da yake tsakanin titi da cikin gida, ba na waje ba ne ɗungum, ba kuma na ciki ba ne. Matafiyi yakan kwana a cikinsa, almajirai sukan yi karatu, maƙwabta sukan fake wa ruwa. Ƙofarsa ta waje a buɗe take wuni guda, abin da ake tsarewa shi ne ƙofar da take shiga wurin iyali. Watau Bahaushe ya raba tsaro gida biyu: ya killace mata da yara, ya bar maigida a fili domin jama'a.

Wanda ya shirya satar mutum ya san duk wannan. Ya san lokacin da maigida yake fitowa, domin lokacin salla ba ya sauyawa. Ya san babu wanda zai tare motar da ta tsaya a ƙofar gidan basarake, domin motoci suna tsayawa a nan kullum. Ashe abin da ya sa mutum ya zama mutumin kirki a idon jama'a, watau sauƙin samunsa, shi ne ya zama hanyar cutar da shi. Darasin da sauran masu hali suka ɗauka daga wannan a bayyane yake a sababbin unguwannin garuruwanmu, ba Daura kaɗai ba: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, maigadi, da ƙaramar taga da ake leƙo mai sallama. Gaskiya ne wannan salon gini ya riga ta'addanci zuwa, tun daga gidajen ma'aikatan gwamnati na zamanin Turawa. Amma a da wanda ya yi shi akan ce ya yi girman kai ko ya zama Bature. Yanzu an samar masa hujjar da ba mai iya musawa.

Wa ya yi asara? Mai gidan ya sami kwanciyar hankali, ko da rabi ce. Wanda ya rasa shi ne mutumin ƙauye da ya taso daga Sandamu ko Ɓaure da 'yar buƙatarsa, ba shi da lambar wayar kowa, ba wanda zai yi masa iso. A da ƙafarsa da sallamarsa sun ishe shi. Yanzu sai ya nemi wanda ya san maigadi.

Baƙo

Babu garin da zancen baƙo ya kamata ya fi damu kamar Daura, domin labarin kafuwar sarautarta labarin baƙo ne. Kowa a wannan zauren ya san shi: mutum ya iso gari da dare a kan doki, ba wanda ya san shi, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce ba a samun ruwan rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da yake ciki. Ya karɓi guga ya tafi ya kashe macijin, daga baya ya auri sarauniya. Ba muhawarar ko Bayajida ya taɓa rayuwa ce ta kawo mu ba, wannan aikin masana tarihi ne. Abin lura shi ne irin labarin da al'umma ta zaɓa ta riƙa ba 'ya'yanta game da asalinta: tsohuwa ta buɗe wa wanda ba ta sani ba ƙofa cikin dare, alheri ya biyo baya. Hausawa suka ce baƙonka annabinka.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa Hausawan da suna karɓar baƙo ne ido rufe. Akwai tsari. Baƙon da ya shigo gari yana da mai masauki, kuma mai masaukin nan shi ne zai amsa tambaya idan baƙon ya yi ɓarna. Fatake suna sauka a gidan fatoma. Mai sayar da dabba a kasuwa ba ya ciniki sai ta hannun dillalin da ya san shi, wanda zai tsaya idan aka zo cigiya daga baya. Wanda zai zauna ya daɗe kuwa, sai a kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Yarda ce, amma yarda mai jingina: ana yarda da baƙo ne saboda an san wanda ya tsaya masa.

Gidan haya na birni ya karya wannan sarƙa. Mai gida yana wani gari, wakili ne yake karɓar kuɗi, ɗan haya ya biya shekara guda ya rufe ƙofarsa. Ba mai masauki, ba wanda ya tsaya wa kowa. A cikin unguwa cike da jama'a aka ɓoye basarake ɗan wata masarauta, har aka kai ga ranar da jami'an tsaro suka zo. Kunya da kawaici, waɗanda suke hana Bahaushe leƙen gidan maƙwabcinsa, kyawawan halaye ne a inda kowa yake da mai tsaya masa. A inda babu, sai su zama labule.

Da ɗan gari akan ci gari

Yanzu mu dawo kan kalmar infoma. Hausa tana da kalmomin da za su iya ɗaukar wannan ma'ana, kamar magulmaci da munafuki da ɗan leƙen asiri, amma ba ɗaya daga cikinsu da mutane suka ga ta dace, sai suka ari ta Turanci. Infoma shi ne na gida wanda yake gaya wa 'yan bindiga wane ne ya sayar da hatsi, wane ne ɗansa ya aiko da kuɗi, wace hanya wane yake bi. A ganinmu wannan kalma ta fi bindiga ɓarna ga zaman tare, domin bindiga tana zuwa ta tafi, ita kuwa tana kwana a cikin unguwa. Kuma ba ta tsaya a yankunan da ake kai hari ba. Ta bi rediyo da waya da bakin matafiya ta shiga ko'ina, har inda ba a taɓa jin ƙarar harbi ba.

Tun da aka fara tunanin cewa mai ba da labarin yana iya zama ɗan'uwa ko yaron gida ko mai shayin bakin titi, sai magana ta fara raguwa. Mai niyyar tafiya ba ya sallama da maƙwabta kamar da, sai an ga ba ya nan. Wanda ya samu ba ya so a sani. Wannan kuwa ya saɓa wa yadda dukiya take aiki a cikin Hausawa, inda arzikin da ba a gani ba ba ya jawo wa mai shi girma, kuma dangi ba su da hanyar neman haƙƙinsu a cikinsa. Idan mai hali ya koyi ɓoye samunsa saboda tsoron ɓarayin mutane, ya kuma sami hanyar ɓoye shi daga gwaggonsa da take jiran buhun gero. Tsoro na gaskiya da rowa sukan sa riga iri ɗaya, ba a iya bambanta su daga waje.

Akwai kuma zargin da yake faɗawa a kan jinsi guda. Saboda da yawa daga 'yan bindigar dajin yammacin jihar Fulani ne, sai Bafulatanin ƙasar Daura, wanda kakanninsa suke kiwo a nan tun kafin jihadi, ya wayi gari ana yi masa kallon da ba a saba yi masa ba. Alhali kuwa tsakaninsa da manomi akwai tsohuwar amana: manomi yakan ba shi shanunsa kiwo shekara da shekaru ba takarda, shi kuma yakan zauna a gonar manomi da rani domin taki. Irin wannan hulɗa ba ta rayuwa idan ɗaya yana tsoron ɗaya.

Iyaka

Ƙasar Daura ba ta ƙare a Kongwalam ba. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Haɓe sun zauna a Zango da Ɓaure ƙarƙashin inuwar Damagaram, har zuwa 1906 da Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa gadon sarautar Daura. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar dangi a ɓangarorin biyu, ana auratayya da cin kasuwa tsakanin Mai'aduwa da Zango da garuruwan Magariya da Matamaye. An rufe wannan iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da hujjar hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Duk shingen da aka ƙara a hanya, ko da an kafa shi da kyakkyawar niyya, yana rage yawan zuwa suna da ta'aziyya, kuma yana koya wa yara cewa ɗan ƙanin ubansu na ƙetare baƙo ne da ake bincika.

Abin da ake ƙoƙarin mayarwa

Hukumomi sun gane cewa soja da ɗan sanda da aka kawo daga nesa ba su san fuskar kowa ba. Wannan ne ya sa Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa a watan Oktoba na 2023, wadda ake ɗaukar matasa daga garuruwansu domin su yi aiki a inda aka san su. Haka kuma akan ji sarakuna suna umartar masu unguwanni da su sa ido a kan baƙi da masu ba da hayar gidaje. Idan aka duba da kyau, wannan yunƙuri ne na farfaɗo da tsohon tsarin mai masauki. Amma akwai bambanci. Mai masauki na da yana tsaya wa baƙo ne, watau yana ɗaukar nauyinsa, ya ci da shi, ya nuna masa gari. Mai sa ido kuwa rahoto kawai yake kaiwa. Na farko yana mayar da baƙo ɗan gari a hankali, na biyu yana barinsa baƙo har ya tashi.

Wannan bambanci zai ƙara nauyi a Daura nan gaba kaɗan, domin garin yana cika da baƙi. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da Jami'ar Sufuri, ga bataliyar soja, ga asibitin sojan sama, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu na 2021, kuma ta Daura aka tsara za ta bi. Ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa da suke zuwa daga sassan Nijeriya ba su da fatoma, ba su da dangi a gari, gidan haya za su nema. Yawancinsu kuma unguwannin bayan gari za su zauna, inda gidajen ba su da zaure, kuma mai unguwar kansa bai daɗe da sanin mutanen da yake shugabanta ba.